Wa Zai Kawo Saƙon Samaru Wurno?

Wata Juma'a cikin damina, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙofar gidan yayana a Wurno, Wurnonmu ta ƙasar Birnin Kudu ba ta Sakkwato ba, sai ga wani dattijo ya yi sallama. Da aka gama gaisawa ya zura hannu aljihu ya ciro kwalbar maganin feshi da ya sayo a kasuwa. Wakensa ya soma fure, yana tsoron tsutsa. Ya miƙa wa wani ɗanmu da ya gama sakandare a shekarar, ya ce, "Samari, karanta mini abin da suka ce."

Yaro ya karanta Turancin nan tiryan-tiryan, babu gargada. Dattijo ya saurara har aka kai aya, sannan ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. To, murfi nawa zan zuba a famfo guda?" Yaro ya juya kwalba, ya sake juyawa, ya sosa ƙeya. Abin da ke jikinta shi ne lita kaza a hekta guda, shi kuwa dattijo bai taɓa auna gonarsa da hekta ba, da yawan damin da take ba shi yake saninta. Daga ƙarshe ya karɓi kwalbarsa, ya ce zai zuba yadda maƙwabcinsa ke zubawa, ya ɗan ƙara kaɗan don ya fi ci.

'Ya'yana da ƙannena, wannan "ɗan ƙarin" ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai masanan da suka yi shekaru suna gwada maganin nan, sun san daidai abin da zai kashe tsutsa ba tare da ya cutar da mai feshi ko mai cin waken ba. Saninsu ya taso daga ɗakin bincike, ya ci doguwar tafiya har ƙofar gidanmu, saura taku ɗaya ya shiga, ya tsaya. Cike wannan taku sana'a ce mai zaman kanta, gwamnati na ɗaukar mutane dominta, tana biyan su albashi. Na ci abinci da ita shekaru masu yawa a sashen wallafa na wata cibiyar bincike, kuma ita nake so in yi muku tallarta yau, da daɗinta da ɗacinta.

Inda aikin yake

In ka tambayi ɗan ajin ƙarshe me yake so ya zama, likita zai ce maka, ko injiniya, ko lauya, ko kwastan. Ban taɓa jin wanda ya ce yana so ya zama mai tace rubutun masana ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa akwai irin wannan aiki. Alhali cibiyoyin da ke bukatarsa sun kewaye mu.

A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR, wadda aka soma aikinta tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake, daga can ya samo sunan. A nan Samarun kuma akwai NAERLS, wadda tushenta ke komawa 1963, kuma ainihin dalilin kafa ta shi ne ɗauko sakamakon bincike a kai wa malaman gona da manoma ta hanyar ƙasidu, takardun bango, rediyo da talabijin. A Shika ana binciken dabbobi, a Vom ana haɗa allurar rigakafinsu. Gero da alkama suna hannun cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, shinkafa da riɗi suna hannun cibiyar Badeggi. Nan kusa da mu a Dutse akwai tashar binciken dabino, ga hukumar JARDA ta jiharmu Jigawa da malaman gonarta, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Ta ɓangaren lafiya ga NCDC mai sa ido kan annoba, ga NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu. Ta ɓangaren yanayi ga NiMet mai fitar da hasashen damina kowace shekara.

Kowacce cikin waɗannan, ban da iri ko allura ko hasashe, abin da take fitarwa takarda ce: rahoton shekara, mujallar bincike, littafin jagora ga ma'aikata, sanarwa ga 'yan jarida, taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da za a ɗora a teburin minista ko kwamishina. Masu wannan aiki kashi uku ne, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ke ɗaukar kayan duka. Akwai edita, mai tace abin da masani ya rubuta don masana 'yan'uwansa. Akwai mai sake rubuta shi da harshen da talaka zai gane, ya fassara shi zuwa Hausa ko wani harshe. Akwai kuma jami'in yaɗa labarai, wanda ke tsaye tsakanin cibiya da 'yan jarida.

Kada ku ɗauka gyaran nahawu ne kawai. Edita yakan zauna da rahoto mai shafi 80, ya haɗa lissafin kowane jadawali ya ga ko ya yi daidai da abin da aka faɗa a cikin bayani. Yakan duba ko awon da aka fara da shi a shafin farko shi ne a shafin ƙarshe. Yakan tabbatar an rarrabe Wurnon Jigawa da Wurnon Sakkwato, don in aka yi gwaji a fadamar wancan aka liƙa wa wannan, an yi wa garuruwa biyu ƙarya a layi ɗaya. Abin da ya fi duka nauyi, yakan tashi ya je ofishin farfesa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan ka ce irin ya ninka amfani, amma jadawalinka ƙarin kashi 30 cikin 100 ya nuna. Wanne za mu ɗauka?"

Buhu nawa a eka?

Bari in nuna muku aikin da idonku. A ce masani ya rubuta cewa wata shuka tana bukatar kilo 60 na sinadarin naitirojin a hekta guda. Maganarsa daidai ce, amma ba mai shagon da zai auna maka naitirojin a kasuwar Sara. Abin da ke kasuwa buhun yuriya ne da buhun kamfa. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 ne kawai naitirojin a cikinta. Ke nan kafin a sami kilo 60 sai an zuba kimanin kilo 130 na yuriya, wato buhu biyu da rabi da ɗan ɗoriya, tunda buhu kilo 50 ne. Hekta kuma ta kusa eka biyu da rabi. In ka raba, sai maganar nan mai wuyar haɗiya ta koma: buhun yuriya guda a eka guda. Wannan kowane manomi zai riƙe shi ko cikin barci.

To, a ce takardar ta faɗa hannun mai fassarar da ya iya Turanci amma bai san taki ba. Sai ya rubuta, "A zuba kilo 60 na yuriya a hekta." Jimla ta yi kyau, Hausa ta fita, amma manomi ya ba gonarsa abin da bai kai rabin bukatarta ba. Da kaka ta yi ya ga ba abin a zo a gani, sai ya ce irin gwamnati ƙarya ne, ya gaya wa duk majalisarsu. Shekaru goma na bincike sun tafi a kalma ɗaya.

Masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gane wannan sarai. Da suka fito da dabarar sa wa gero ɗan taki kaɗan a kowane rami, ba su tsaya kan cewa giram 6 ba, sai suka ce cikin murfin kwalbar lemo. Ba manomin da ke da sikelin auna giram, amma ba gidan da ba a samun murfin lemo. Wanda ya yi wannan tunani ya yi wa binciken hidimar da ba ta gaza ta mai gwajin ba.

Kuma kada ku ce matsalar ƙauye ce. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi sun yi lissafi da ma'aunin fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka da ma'aunin mita da kilo aka yi. Masu digiri bisa digiri, amma ba wanda ya tsaya ya ce, "Da wane mudu muke awo?"

Ni ma na taɓa ɗanɗanawa. Ina sabon shiga aiki aka ba ni wata takardar faɗakarwa in duba kafin a kai maɗaba'a. Ranar Alhamis ce, ina saurin kama motar gida. A wani layi masani ya rubuta 0.5, mai buga keken rubutu ya tsallake sifili da ɗigon, ya zama 5. Na karanta Hausar na ji ta yi daɗi, ban koma kan asalin rubutun na gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, na sa hannu. Sai da aka buga aka ɗaure, wani tsohon malamin gona ya ɗauki kwafi ɗaya ya ce, "Wannan ai ƙona gona za a yi." Allah ya rufa asiri ba a riga an rarraba ba. Muka kwana biyu muna bin takardun nan da biro muna gyarawa. Tun daga ranar ban ƙara karanta lamba da ido kaɗai ba, sai na ɗora yatsa a kanta, ɗaya yatsan yana kan asali.

Ba yau aka fara ba

Wannan sana'a tana da kakanni a ƙasar Hausa. A wajajen 1930 aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana editanta. Kowa ya san Imam da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, amma ba kowa ya san shi da East sun rubuta Ikon Allah ba, littafin da ya yi bayanin halittu da yadda duniya ke gudana cikin Hausar da ɗan firamare zai gane. Mutanen nan ba su da kwamfuta, ba su da ƙamus na kalmomin kimiyya, amma ba su ce Hausa ta kasa ba. Yau kuna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, kuna da intanet a tafin hannunku. Uzurinku bai kai nasu ba.

In kunne ya ji

Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma kunne ba ya zama fanko. In gaskiya ta makara, ƙarya ce ke riga ta shiga.

Manyanku za su tuna wani dare a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Wayoyi suka yi ta ƙara, uwa na tashin 'ya'ya, ɗan'uwa na kiran ɗan'uwa, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. A Nijeriya cutar kanta ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, amma jita-jitar ba lungun da ba ta shiga ba. Mutane da dama suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, ba Ebola ce ta kashe su ba, gishiri ne.

Ku tuna kuma da shan inna. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafinta a wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu a kanta, Kano ba ta dawo da ita ba sai tsakiyar 2004. Kafin nan cutar ta sake tsallakawa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya da sauran Afirka sun rabu da nau'inta na asali. Maganin da aka ƙi da wanda aka karɓa daga baya duk aikinsu ɗaya. Abin da ya canza shi ne masu magana da yadda suke maganar: sarakuna, malamai, masu unguwanni, da matan da ke shiga gida-gida suna amsa tambaya da harshen mai tambaya, ba tare da raina shi ba.

Ko dattijon nan mai "ɗan ƙari" yana da nasa labarin a babbar kasuwar duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya a jikinsa fiye da ƙima. Alhali akwai buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda in aka ɗaure shi da kyau iska ke ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Dabarar tana nan. Wanda zai zauna ya bayyana ta yadda za a yarda da ita, a kuma ɗaure buhun daidai, shi ne ya yi ƙaranci.

Amanar da ke wuyanka

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna ku riƙe. Mai wannan sana'a ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya ƙari, ba ya ragi. Sauƙaƙa magana daban, canza ta daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi silin gashi ba.

A 2019 aka saki irin waken nan SAMPEA 20-T da masanan Samaru suka yi aikinsa ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sauya masa ƙwayar halitta ta yadda tsutsar maruka mai huda fure da kwanso ba ta iya cin sa, har feshin da akan yi sau shida zuwa takwas ya dawo kamar sau biyu. Mai son kanun labari mai zaƙi zai rubuta, "An samo waken da ba ya bukatar feshi." Ƙarya ya yi, domin akwai sauran ƙwarin da irin bai kare kansa daga gare su ba, kuma manomin da ya gaskata shi zai yi kuka. Mai son kauce wa gardama kuma zai ɓoye cewa an sauya wa irin halitta. Shi ma ya ci amana, don haƙƙin mutane ne su san abin da suke shukawa, su yi tambaya, a ba su amsa. Aikinka ka faɗi abin da irin ke yi, da abin da ba ya yi, da yadda aka same shi.

Haka hasashen damina. NiMet takan fitar da shi a farkon shekara, har takan fassara taƙaitawarsa zuwa Hausa. Masanin yanayi cewa yake "akwai yiwuwar" ruwa ya yi jinkiri, ko a sami ɗan fari bayan shuka. In ka cire "yiwuwa" ka rubuta "za a yi", ka mai da ilimi duba, kuma ranar da abin bai zo haka ba, ba kai za a ƙaryata ba, hukumar za a ƙaryata har shekaru masu zuwa. Ƙananan kalmomi irin su "galibi", "kimanin", "a gwajin da aka yi", su ne gishirin rubutun kimiyya. Ku kiyaye su kamar kuɗin ajiya.

Wata rana kuma matsin daga sama zai zo. Wani babba zai so a ɗan gyara lamba don rahoto ya yi kyau a idon masu ba da kuɗi, ko a sassauta labarin ɓarkewar cuta don kada a ce an gaza. Ma'aikacin gwamnati yana da dokar aiki, ba ya fita ya yi magana da 'yan jarida ba da izini ba, ba ya fallasa sakamakon da ba a gama tantancewa ba. Wannan ku bi shi. Amma riƙe sirri daban, rubuta ƙarya daban. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke cikin jadawali, ba ni da ikon canza shi." Cikin ladabi, a rubuce, ka ajiye kwafi. Wanda ya ji haushinka yau, gobe kai zai nema in ana son takardar da ba za ta ba shi kunya ba.

Hausarku jari ce

Na ga matasa da yawa da suka shiga jami'a suka soma jin kunyar Hausar gidansu. A wannan sana'a ita ce babban jarinku. Wanda ya tashi a Wurno ko Gwaram ya san bambancin jigawa da fadama ba a littafi ba, ya san ƙuduji in ya gan shi a gindin dawa, ya san mudu da tiya, ya san abin da tsohuwa ke nufi in ta ce yaro yana da shawara. Ya kuma san haɗarin kalmar, don "shawara" ɗaya tana iya rufe cututtuka daban-daban masu sa ido ya yi rawaya, kowacce da nata magani. Haka "ƙwayar cuta": Hausa ta haɗa bakteriya da bairos a suna ɗaya, alhali maganin da ke kashe ta farko ba ya taɓa ta biyu, shi ya sa ake ta shan kafso don mura a banza. Haka "sinadari", da muke kiran guba da shi, mu kira abin gina jiki da shi. Warware irin waɗannan ƙulle-ƙulle sai wanda ya san harshen daga ciki kuma ya san ilimin.

Ku 'yan mata, da ku nake musamman. Rabin saƙonnin lafiya da abinci a cikin gida ake aiki da su, inda aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. A 2021 amai da gudawa ya yi ɓarna a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwan gishiri da sukari da ke ceton mai zawo awo gare shi: lita guda ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In aka juya awon, magani ya zama cuta. Wace ce za ta rubuta shi yadda uwa za ta haɗa da tsakar dare ba ta yi kuskure ba, in ba wadda ta san irin cokula da kofunan da ke ɗakin uwar ba?

Yadda za ku shirya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kuna sakandare ku riƙe abu uku tare: Turanci, Hausa da lissafi. Kada ɗan kimiyya ya raina darasin harshe, kada ɗan adabi ya gudu daga kashi cikin ɗari. A jami'a ƙofofin shiga suna da yawa: aikin gona da faɗakar da manoma, nazarin halittu, lafiyar al'umma, aikin jarida, Hausa, Turanci, ilimin laburare. Wanda ya karanta kimiyya ya koyi rubutu, wanda ya karanta harshe ya koyi karanta jadawali da ma'anar alƙaluma. In hidimar ƙasa ta zo, ku nemi a tura ku sashen wallafa ko na yaɗa labarai na wata cibiya ko gidan rediyo, maimakon inda za ku yi shekara kuna gadin kujera.

Ku koyi ƙa'idojin rubutun Hausa sosai. Wanda bai rarrabe ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, bai isa ya tace rubutun wani ba. Ku koyi sarrafa kwamfuta, tsara shafi, ɗaukar hoto da murya da wayar hannu. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira za su taimaka muku da sauri, amma ku ɗauke su kamar sabon yaron shago: hannu da sauri, baki da daɗi, ba a bar masa lissafin kuɗi ba tare da an duba ba.

Sannan ku yi ta gwaji. Ɗauki takardar da ke cikin kwalin magani, ko rahoton wata hukuma, ka mai da shi rabin shafi na Hausa. Karanta wa mahaifiyarka. Kada ka tambaye ta ko ta gane, don kara za ta yi maka ta ce eh. Ce mata ta maimaita maka abin da za ta yi. Inda ta kauce, nan rubutunka ya gaza, ba ita ba. Tara irin waɗannan a fayil. Ranar ganawar neman aiki, shafi goma na aikin hannunka sun fi dogon surutu.

Ɗacin da ke ciki

Ba zan yi muku romon baka ba. Albashin na gwamnati ne, mai digiri yakan fara daga mataki na 8, kuma ba a yin kuɗi dare ɗaya. Sunanka ba zai fito a bangon littafin da ka yi wata uku kana gyarawa ba. In ya yi kyau a yaba wa marubuci, in an ga kuskure a nemi edita. Wasu masanan za su kalle ka kamar magatakarda, har sai ranar da ka tsamo su daga abin kunya. Kuɗin buga takardu su ake fara yankewa in kasafi ya gaza. Guraben ma ba sa zuwa kullum, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne, ka yi ta kanka.

Amma sana'a ce da ba ta tsufa, kuma ba a gwamnati kaɗai ake cin ta ba. Cibiyoyin ƙasa da ƙasa irin su IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a Kano, ga hukumomin lafiya na duniya, ga gidajen rediyo na gida da na waje, duk suna neman wanda zai riƙe ilimi da hannun dama, Hausa da hannun hagu, bai yar da ko ɗaya ba. Ko a ƙasashen da kowa ya yi karatu ana bukatarta: a 2010 Amurka ta kafa doka sukutum da ta wajabta wa hukumomin gwamnati rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. In su suna bukatar haka, ina ga mu?

Damina na tafe, kuma wani dattijon zai sake zuwa da kwalba a aljihu. Kada ku jira takardar ɗaukar aiki kafin ku fara. A wannan makon ku ɗauki kwalbar maganin da ke gidanku, ku sami malamin gona ku zauna tare, ku lissafa abin da ya kamata a zuba a famfo guda, da kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin, da abin da za a rufe hanci da hannu da shi. Ku rubuta da Hausa a takarda ɗaya, ku karanta wa mahaifinku, ku sa ya maimaita. In ya faɗa daidai, kun shiga sana'ar. Allah ya yi muku jagora, ya sa alƙalaminku ya zama mai amfani.